Hawainiya Mai Igiya Biyu

Sunan Hawainiya ba daga gida ya taso da shi ba, a kan bishiya ya samo shi. Wata tsohuwa ce da suka je rage wa rassan mangwaro ta gaji da ɗaga kai tana kallonsa har wuyanta ya ƙage, sai ta juya wajen abokin aikinsa Direba, wanda ke tsaye a gindin bishiyar riƙe da igiya, ta ce, "Ɗan nan, wannan hawainiyar da kuka kawo mini, yau za ta kai sama ko in dawo gobe?" Direba ya yi dariya har da hawaye. Kafin a jima sunan ya bi gari, masu kiran waya su ba shi aiki ma da shi suke nemansa. Mai sunan kuwa, Allah ya jiƙansa, bai taɓa nuna ya ji haushi ba. In an tsokane shi sai ya ce, "To, a cikinku wa ya taɓa tsintar hawainiya a ƙasa da karyayyen baya?"

Sana'arsa gyaran bishiya ce a cikin gari. Ba irin saran daji ba ne, inda ake kafa wa itace gatari a gindi, in ya fara kuka kowa ya ruga. Bishiyar cikin gari tana da maƙwabta. Ga rufin kwano a nan, ga katangar wani a can, wayoyin lantarki sun ratsa ta gefe, ga kuma motar maigida a ƙarƙashi wadda aka rasa makullinta tun safe. Dole mutum ya hau da kansa, ya bi ta reshe bayan reshe, ya yanko guntu-guntu, a ɗaure kowane guntu a zuro shi ƙasa a hankali. Hawainiya ne mai hawa. Direba, abokinsa tun suna yara a layi ɗaya, shi ke jan motar kaya, shi ke riƙe igiyar zuro itace, shi ne kuma mai korar 'yan kallo.

Hawainiya gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar ɓawon itace. Ba ya ɗaga murya ko a gida ko a waje. Kullum da garin katako a girarsa da bayan kunnensa. Matarsa ta yi mita har ta gaji, ta ce ko wuni zai yi a banɗaki, in ta kaɗe matashin kansa sai ta tara abin hura wuta. Shi ya ɗaura wa 'ya'yansa mata lilo a tsakar gida, kuma duk unguwar lilon gidansa ne kaɗai mai ƙarin igiya ta ko-ta-kwana. Maƙwabta suka yi ta yi masa dariya, sannan suka riƙa turo nasu 'ya'yan su hau.

Wajen wani tsohon mahayi ya koyi aikin, mutumin da ke jan ƙafar hagu. Tsohon ba daga ƙololuwa ya faɗo ba, ba kuma yana cikin yanka ba. Reshe ne ya tare masa hanya a wurin da bai wuce tsayin rufin ɗaki ba, ya kwance igiyarsa guda ɗaya tilo don ya tsallake da ita, ƙafarsa ta zame a kan ɗanyen ɓawo. Hawainiya yana ƙasa a ranar, shi ya ɗauke shi a kafaɗa. Tun daga nan ya riƙe abu ɗaya a ransa: ba zarto ke kayar da mai hawa ba, sauyin igiya ne, ɗan lokacin nan da mutum ya saki wannan bai kama waccan ba.

Shi ya sa da igiya biyu yake hawa. Akwai doguwa, wadda ake jefawa ta rataya a gwafar reshe mai ƙarfi can sama, ta sauko ta kama gaban ɗamarar da ke ƙugunsa. Akwai gajeriya, wadda ke zagaye gangar bishiyar, a bakinta da ƙugiyar ƙarfe mai rufe kanta, a maƙala ta a zoben ƙarfe da ke gefen ɗamara. In zai ɗaga doguwar zuwa wani reshen, gajeriyar ce ke riƙe shi. In zai tsallake reshe da gajeriyar, doguwar na riƙe da shi. Wannan duk mai hawa ya san shi, ko da a baki ne. Abin da ya jawo masa sunan shi ne abin da yake yi tsakanin kamawa da saki. Zai maƙala ƙugiya ya ji ta ce ƙas. Ba zai yarda da kunnensa ba, sai ya sunkuya ya duba, ya ga lallai a cikin zoben take kuma bakinta ya rufe. Idon ma ba zai yarda da shi ba, sai ya sassauta tsohuwar igiyar kaɗan, ya jingina baya ya zauna a kan sabuwar da duk nauyinsa, ya ɗan girgiza ƙugu. Sai ta ɗauke shi sannan hannunsa zai je ga waccan. Haka yake yi a reshen farko, haka yake yi a na ƙarshe, da safe yana da sabon ƙarfi, da kuma la'asar sakaliya lokacin da mai aikin ke ta duba agogo yana tsaki.

Direba ya taɓa ce masa, "Mutumina, ka ji ta ce ƙas, me kuma ya rage?"

Ya ce, "Ƙas take cewa ko me ta kama. Ko maɓallin rigarka ta cafke, ƙas za ta ce maka."

Da su biyun kawai za su ci gaba da tafiya, da babu wani labari sai na rassa da gajiya. Amma akwai Auta.

Auta ƙanen matar Hawainiya ne. Mahaifiyarsu ta rasu yana ƙarami, yayarsa ce ta goya shi, da ta yi aure ma da shi ta taho. Ya girma, ya tara gemu, ya yi aure ya haifi nasa, amma har gobe Auta ake ce masa. Ya gwada ɗinki, ya gwada gyaran babur, zama wuri ɗaya ba ya yi masa. Ranar da ya ce shi bishiya zai hau, yayar ba shi ta tunkara ba. Mijinta ta tare a ƙofar ɗaki yana ɗaura takalmi.

"Kai ka ja shi," ta ce.

"Ban ja shi ba, Maman yara. Shi ya biyo ni."

"Duk ɗaya ne a wurina. Yadda ka fita mini da shi da ƙafarsa, haka za ka riƙa dawo mini da shi. Ban goya shi don a kawo mini shi a bayan mota ba."

"Ai a bayan mota yake zama kullum, gaba babu wuri."

Ba ta yi dariya ba. Da ya ɗago ya ga fuskarta shi ma sai ya haɗiye tasa, ya ce, "Na ji." Maganar ba ta sake tashi a tsakaninsu ba, amma daga ranar ta rataya a wuyansa, kuma bai sauke ta ba har ƙarshe.

Gaskiya a faɗe ta, Auta gwani ne. Dogo ne siriri, ba tsoro a jikinsa ko kaɗan. Kafin mijin yayarsa ya kai reshe na farko shi ya kai sama yana fito. Yana da idon sanin inda reshe zai nufa in an yanke shi, abin da wasu ke yin shekaru ba su samu ba. Masu ba da aiki suna son sa, don da shi ana gamawa da wuri. Matsalarsa guda ce. In ƙugiya ta ce ƙas, shi ke nan ya gama, hannunsa ya riga ya tafi ga ɗaya igiyar. Wani lokacin ma, in reshen kusa ne, sai ya saki duka biyun ya tsallaka da hannu da ƙafa, ya maƙala daga baya.

Babu irin hanyar da Hawainiya bai bi ba. Ya yi nasiha. Ya yi faɗa, irin nasa mai sanyi wanda ya fi zagi shiga jiki. Ya ƙwace masa ɗamara ya bar shi a ƙasa yana jan rassa cikin rana. Ya kai shi gaida tsohon maigidansa mai jan ƙafa, Auta ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi, da suka fito ya ce, "Allah sarki, shi ai tsautsayi ne ya same shi." Bayan kowane faɗa sai ya gyara na 'yan kwanaki, sannan ya koma gidan jiya.

"Mijin Yaya," in ji shi, "in na bi taka, kafin mu gama bishiyar ta sake tsirowa."

"Ta tsiro mana. Aiki ya ƙaru."

"Ni fa hannuna bai taɓa yaudarata ba."

"Na maigidana ma sau ɗaya ya yaudare shi."

Duk da haka abin da sauƙi muddin Hawainiya na hawa da kansa. Manyan bishiyoyi shi ke ɗauka, ya bar wa Auta ƙanana, in kuma aikin na mutum biyu ne yana kusa da shi, idonsa a kan ƙugun yaron fiye da kan nasa zarton.

Ciwon Hawainiya a numfashi ya fara. Sai ya riƙa tsayawa a tsakiyar hawa yana daɗewa, kowa ya ɗauka halin ne ya ƙaru da tsufa. Direba ne kaɗai ya gane, don ya san bambancin tsayawar duba ƙugiya da tsayawar neman iska. Daga baya ƙafafunsa suka kumbura har takalmin aiki ya daina shiga. Wata safiya suna hanyar aiki Direba ya juya kan mota zuwa asibiti bai tambaye shi ba. Likita ya auna, ya sake aunawa, ya ce zuciya ce ta gaji. Ya rubuta magani, ya ce daga yau babu hawa, ko matakalar bene a rage.

Da suka koma mota Hawainiya ya daɗe yana kallon hannuwansa a kan cinya. Direba bai ta da injin ba.

"Ba mutuwar ce ta dame ni ba, mutumina," ya ce. "Ita kowa da ranarsa. Yanzu wa zai riƙa hawa?"

"Auta mana. Wa muke da shi?"

"To ka ji abin da ya dame ni."

Bayan 'yan kwanaki Direba ya zo ɗaukar kayan aiki, ya tarar da shi a ƙofar gida da kujerar roba mai hannu. Matarsa na bayansa tana cewa likita ya ce ya huta.

"Ai hutawar zan je yi," ya ce, "a inuwa ma kuwa."

Ta buɗe baki za ta ƙara, sai ta hango Auta a bayan mota yana ɗaga mata hannu, ɗamara a kafaɗarsa. Ta koma ciki ta fito da gorar ruwa da maganinsa a ƙulle cikin leda, ta miƙa wa Direba, ta ce, "Ka tuna masa, shi ba zai tuna ba."

Daga ranar aikinsa ya koma na baki. Za a ajiye masa kujera nesa kaɗan da gindin bishiya, inda reshe ba zai same shi ba kuma yana hango komai. Ya zauna, ya ɗaga kai, duk lokacin da Auta zai sauya igiya sai ka ji muryarsa.

"Ka kama?"

"Na kama."

"Ka gani?"

"Na gani."

"To zauna a kai."

Sai Auta ya jingina baya, igiyar ta miƙe ta ɗauke shi, sannan ya saki ɗayar. Reshe na gaba a sake daga farko. 'Yan kallo suka samu abin dariya, wani mai shago har kwaikwayonsa yake in ya ga motarsu za ta wuce. Auta kuwa kamar ya fashe. Wani lokacin ba ya jira a tambaye shi, daga sama zai zubo, "Na kama, na gani, na zauna, na ƙoshi, akwai saura?"

Hawainiya ya bari ya gama, sannan ya ce, "Ban tambaye ka ba tukuna. Ka kama?"

Ya san a ta biyun ƙarya ake yi masa. Daga ƙasa ana ganewa, don wanda ya duba ƙugunsa dole hular kwanonsa ta sunkuya, ta Auta kuwa sau da yawa ko motsi ba ta yi. Amma ta ukun ba a yin ƙaryarta, igiya ko ta miƙe ko ba ta miƙe ba. Sai ya riƙe wannan da kyau. In Auta bai zauna ba zai yi ta maimaitawa, ba faɗa ba ɗaga murya, har sai yaron ya zauna don kawai a ƙyale shi.

Auta ya kai ƙara wajen yayarsa. Ya same ta tana wanke-wanke ya ce, "Yaya, ki yi wa mijinki magana. Da gemuna da 'ya'yana yana mai da ni ɗan koyo a gaban mutane."

Ba ta ɗago ba ta ce, "Gemun ne zai tare ka in ka faɗo? Miƙo mini wancan kwanon."

Haka aka yi ta tafiya wata da watanni. Jikin Hawainiya na ja da baya, muryarsa na ƙara sirancewa, har ta kai sai Direba ya kashe injin yanka kafin a ji shi. A tsakanin nan Auta ya kai ɗamararsa wajen mai gyaran takalmi aka ɗinka masa wani ɗan maratayi na igiyar leda a gefe, don rataya ƙaramin zarton hannu. Hawainiya ya juya ɗamarar a cinyarsa ya ce maratayin ya yi kusa da zobe.

"Nan hannuna ke kaiwa ba sai na duba ba," in ji Auta.

"Abin da nake faɗa ke nan."

Auta ya yi dariya ya ce zai sa a matsar da shi in ya samu lokaci. Bai samu ba.

Ranar da abin ya faru, Hawainiya ya tashi jikin ba daɗi. Ko shayi bai iya shanyewa ba. Matarsa ta ce yau kam babu inda za shi, shi ma da farko bai musa ba. Da Direba ya leƙo gaishe shi sai ya tambaya wace bishiya ce yau. Direba ya ce wani tsohon maɗaci ne a tsakar wani gidan haya, iska ta tsaga masa babban reshe yana reto a kan rufin bene, ƙasan kuma daɓen siminti ne. Hawainiya ya ce a miƙo masa silifas.

Aikin ya fara lafiya. Matan gidan suka kwashe shanyarsu, aka ja yara ɗaki, aka ajiye kujera a jikin katanga. Auta ya hau, sauyi na farko da na biyu duk an yi tambaya an ba da amsa. Da ya wuce tsayin benen, sai ya zama dole ya ɗaga doguwar igiyarsa zuwa wata gwafa a sama da reshen da ya tsage. Ya wurga gajeriyar ta zagayo gangar, ya cafe bakinta, ya kai hannu gefen ƙugunsa idonsa na kan reshen. Ƙugiya ta ce ƙas.

"Ka kama?" Da ƙyar muryar ta kai.

"Na kama."

"Ka gani?"

"Na gani."

Hawainiya ya ga hular ba ta sunkuya ba. Ya kuma ga gajeriyar ta kwanta baya kaɗan da inda ta saba kwanciya, daidai inda ƙaramin zarton ke reto. Ya gane a take cewa ƙugiyar ba zobe ta kama ba, maratayin nan ta kama. Ya buɗe baki, iska ta ƙi fita. Ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an ɗora masa gungumen da suka saba zurowa. Ya ɗaga hannu, amma Direba ya ba shi baya, kansa na sama. Yana zaune yana kallo hannun Auta ya tafi ga ƙugiyar doguwar igiya, babban yatsansa ya hau bakinta. Daga baya ya gaya wa Direba cewa duk shekarunsa a kan bishiya bai taɓa jin tsoro irin na wannan zaman a kan kujera ba.

Hannun bai buɗe ƙugiyar ba. Ya tsaya a wurin.

Auta da kansa ya ce bai san abin da ya tsayar da shi ba. Ba tunani ya yi ba, bai kuma zargi komai ba. Kawai akwai maganar da ta saba zuwa a wannan gurbin, ba ta zo ba, sai hannun ya ƙi tafiya. Ya jira. Har ya ce, cikin ƙosawa, "Mijin Yaya, barci ya ɗauke ka ne?" Shiru. Babu mai hana shi saki a lokacin. Amma sai ya ji jikinsa ya yi abin da ya saba yi don a ƙyale shi, ya sassauta doguwar kaɗan, ya jingina baya, ya zauna.

Ɗinkin maratayin ya farke gaba ɗaya. Gajeriyar ta warware daga jikin bishiyar kamar bulala, Auta ya yi ƙasa da kamar tsawon hannu, doguwar ta fizge shi ta riƙe, ya yi lilo ya bugi gangar da kafaɗa. Ƙaramin zarton ya wuce shi ya sauka a kan siminti, ƙotarsa ta rabe biyu. Kowa zarton yake kallo.

Da Auta ya dawo hayyacinsa ya leƙo ƙasa, sai ya ga kujera ta karkata, mijin yayarsa ya zame a jikin katanga, Direba ya yar da igiya yana gudu wajensa. Daga inda yake doguwar ba ta kai ƙasa, sai an sauya a hanya. Ya zuro kansa da sauri har inda ta ƙare, ya wurga gajeriyar, ya maƙala. Babu mai tambayarsa, babu ma mai kallonsa, kowa ya koma kan mara lafiya. Sai aka ji muryarsa daga cikin ganye. "Na kama." Hular ta sunkuya har haɓarsa ta taɓa ƙirji. "Na gani." Igiyar ta miƙe. "Na zauna."

Hawainiya na jingine a ƙirjin Direba, an sa masa ƙwayar magani a baki, idonsa a rufe. Direba ya ce ya ji lokacin da jikin abokinsa ya saki, har ya tsorata, ya duba sai ya ga murmushi yake yi. Auta ya diro ya zo ya durƙusa, ɗamara a ƙugunsa, kafaɗarsa na jini. Hawainiya ya buɗe ido ya dube shi, ya tattaro ɗan numfashin da ya samu, ya ce, "Direba, wannan hawainiyar da ka kawo, ashe yau za ta sauko."

Ya yi kwanaki a asibiti aka sallamo shi. Bai sake bin mota ba. Auta ya kawo masa ɗamarar har bakin gado, Hawainiya ya sa aka yanke ragowar maratayin a gabansa, ya nuna da yatsa inda za a ɗinka sabo, can baya inda ƙugiya ba za ta kai ba ko da gangan.

Auta da bakinsa ya gaya wa yayarsa abin da ya faru, bai rage komai ba. Ta saurara har ya gama. Ta janye wuyan rigarsa ta duba kafaɗar, ta shafa gefen ciwon, sannan ta ɗaka masa duka a ƙeya kamar yadda take yi masa yana ƙarami, ta shige kicin ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito sai ta zauna a bakin gadon mijinta tana gyara masa mayafi.

"Ka dawo mini da shi," ta ce.

"A'a, Maman yara. Ni ko baki ban iya buɗewa ba. Shi ya dawo da kansa." Ya huta kaɗan sannan ya ƙara, "Abin da nake jira ke nan."

Bayan wannan hankalinsa ya kwanta, kowa ya ga alama. Ya daina tambayar wace bishiya ce yau. In Direba ya zo da yamma sai su yi hirar yarinta, su tuna mangwaron da suka sata da wanda ya kore su. Yana son a buɗe masa taga ya riƙa jin ƙarar lilo in yaran maƙwabta na kai.

Da hantsi ya rasu, a ɗakinsa, a kan gadonsa, matarsa na riƙe da hannunsa, 'ya'yansa na kusa. Mutumin da ya yi rayuwarsa tsakanin sama da ƙasa bai faɗo daga ko'ina ba, ko yatsa bai taɓa karyawa ba. Da matarsa ta zo naɗe kayansa ta tarar da garin katako a aljihun kowace riga. Ba ta kaɗe ba.

Kujerar na nan a bayan mota. Direba ya ce ya bar ta ne don in ya gaji ya huta, amma babu wanda ya taɓa ganin ya zauna a kai. Yanzu shi ke tambaya. In Auta zai sauya igiya sai ya kashe inji ya ɗaga kai ya ce, "Ka kama?" A amsa masa. "Ka gani?" A amsa masa. Ta ukun ba ya faɗa, ya ce wannan ba tasa ba ce. Sai a yi ɗan shiru, igiyar ta miƙe, aiki ya ci gaba. Masu ba da aiki sun fara ƙorafi cewa Auta ya rage sauri.

Da yamma in sun tashi, ko ta ina aikin ya kai su, motar sai ta biyo ta ƙofar gidan. Auta ya diro, ya leƙa zaure, ya ce, "Yaya, na dawo." Daga ciki ta ce, "To, sannu." Sannan ya wuce gidansa.

Allah ya jiƙan Hawainiya, ya sanyaya makwancinsa, ya riƙe abin da ya bari.